Irin Furen da Gwaggo Ta Ɓoye wa Sanyi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina wadda ta riƙe ni tun ina tsumma, ta amsa kiran Ubangijinta a gidana da ke Dagenham bayan ta sha jinya. A nan Landan aka yi mata sutura kamar yadda ta bar wasiyya, don ta ce ba ta ga dalilin wahalar da gawa a jirgi ba alhali ƙasar duk ta Allah ce.

Ranar zaman makoki falona ya cika har kan matakala. Matanmu na unguwar Woolwich suka zo da kulolin abinci. Wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, ƙawarta ta masallaci, ta shigo tana share ido da bakin mayafi tana cewa da irin Hausarsu ta can, "Gwaggo ya tafi, mutum mai gaskiya ya tafi. Shi ba ya dariya, amma ba ya ƙarya." Waya kuwa ba ta huta ba. Ɗalibanta na makarantar horon malamai mata a Kano, waɗanda su ma yanzu sun tara jikoki, kowace ta kira sai ta ce har yau in ta tuna takun takalmin Gwaggo a baranda sai gabanta ya faɗi. Autata ta same ni a kicin ta ce mini da Turanci, don ita Hausa ji kawai take yi, wai ita tunda take ba ta taɓa ganin Gwaggo ta rungume ni ba.

Sai kuma wata 'yar'uwarmu ta nesa, da ta ɗauka ba na kusa, ta karkata ta ce wa ta gefenta, "Allah ya jiƙanta dai, amma yarinyar nan ta sha wuya a hannunta. Ko sunanta na yanka ba ta taɓa kira ba."

Yarinyar nan ni ce. Na ji ta sarai, ban tanka ba, don na san halina, in na buɗe baki a wurin sai an riƙe ni. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ina tsoron in na yi shiru haka za a tuna da Gwaggo. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ni 'yar wabi ce. Mahaifiyata ta haifi uku kafin ni, ba wanda ya kai shiga makarantar allo. Sai hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, yaro ya yi ta kuka har ya yi shiru. Da aka haife ni, tsofaffin gidanmu suka yi abin da aka saba yi a wancan zamani. Aka naɗe ni aka kai ni kan juji a bayan gida, kakata tana faɗa da ƙarfi cewa su ba sa so, mai so ya ɗauka. Wai don mutuwa ta ji cewa wannan ba abin so ba ce, ta wuce abinta. Wadda aka shirya za ta tsince ni ita ce Gwaggo, da Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta ɗauke ni ta kakkaɓe, daga ranar na zama tata, sunana kuma ya zama Ajuji.

Yawancin gidaje daga nan suke barin abin, ya koma wasa da tsokana. Gwaggo ba ta bari ba. Ga ta malamar makaranta, ga salla ga azumi, in ka ce mata canfi ne sai ta ce ta sani, ta yi istigfari, gobe kuma ta ɗora daga inda ta tsaya. In baƙo ya ce, "Kai, yarinyar nan ta yi kyau," sai ta taɓe baki ta ce, "Wannan? Ƙashi da rai." Kowace uwa takan ce wa tela ya saki riga don yarinya ta girma a ciki, Gwaggo kuwa daidai jikina take sa a ɗinka, ko ɗan yatsa ba a ƙarawa. Ban taɓa jin "idan kin girma" a bakinta ba. Amma tsokar da ta fi kowace laushi a miya a kwanona take ƙarewa, tana cewa, "Ungo, ta yi mini tauri."

A shekarun da kuɗin man fetur ya ɓarke, gwamnatin jiha ta yi ta kwasar ma'aikata tana turawa karatu waje kamar ana rabon goro. Mijin Gwaggo, wanda nake kira Baba Malam, ya samu zuwa Landan karatun injiniyan ruwa. Ita kuma aka ba ta kwas na koyar da ƙananan yara, wanda ya haɗa da riƙe aji a wata firamare a Woolwich. Ina da kamar shekara takwas a lokacin. Dangi suka ce a bar ni a gida, ta ce wa zai ɗauki wahalar tarkace, gara ta tafi da kayanta.

Muka sauka a wani flat, wato sashen haya, a saman wani tsohon gida, bango yana gumi, hita guda ce mai kananzir. Ba mu daɗe ba ciwona ya tashi, wanda a gida ake ce masa amosani. A nan ne likita ya ba shi suna, ya ce sikila ce, ya ce ita ta kashe yayyena, kuma sanyi babban maƙiyina ne. Ya ƙara wata magana ƙasa-ƙasa, Baba Malam ya sunkuyar da kai. Turancina bai kai in gane ba, amma fuska ai ba ta buƙatar tafinta. Tun daga ranar Gwaggo take jibga mini suwaita kan suwaita har ba na iya lanƙwasa hannu, tana cewa, "Kada ki ɓata mini lokaci da jigilar asibiti, ina da aikin yi."

Wallahi tsoro na yi ta kwana da shi ina tashi da shi. In na ji gwiwata ta ɗan motsa sai in tsaya cak ina saurare, ko shi ne ya dawo. Na san labarin yayyena, na san dalilin sunana, na kuma san na riga na wuce shekarunsu. A tunanina na yarinta, mantawa aka yi da ni, kuma kowace rana ana iya tunawa.

A ajin da Gwaggo take koyarwa aka sa ni. A makaranta ko kallon inda nake ba ta yi, har wasu yaran ba su san gida ɗaya muke kwana ba. Wata rana da ganye ya fara zuba, shugabar makarantar, wata tsohuwar Baturiya mai son lambu, ta shigo da kwali cike da 'yan tukwanen ƙasa da wani iri baƙi mai sheƙi, ya ɗan fi 'ya'yan kuɓewa girma. Ta ce daga lambunta ta tsinko, kowane yaro zai shuka nasa ya rubuta sunansa a jikin tukunya. Ta ce sai an yi haƙuri, don yakan shekara biyu ko uku kafin ya yi fure. Sannan ta ce a jera tukwanen a waje, jikin katanga, a bar su nan har sanyi ya wuce.

Gwaggo ta ɗago kai. Ita fa 'yar manomi ce, ta tashi tana ganin mahaifinta yana cakuɗa irin wake da toka yana rufewa a tulu, ba ruwa ba raɓa, sai damina ta sauka. Ta ce wa shugabar cikin ladabi, a garinsu ba a wulaƙanta iri haka, ƙanƙara za ta kashe shi. Shugabar ta yi murmushi ta ce wannan irin ba ya farkawa sai sanyi ya cije shi sosai. Gwaggo ta ce, "To." Duk wanda ya zauna da ita ya san wannan "to" ɗin, ba na yarda ba ne.

Wani yaro ya tambayi sunan furen. Shugabar ta ce furen yini ɗaya ake ce masa, don da safe yake buɗewa, kafin gari ya sake wayewa ya mutu. A ƙa'ida Gwaggo takan fassara mini abin da ya shige mini duhu, amma wannan ta tsallake shi. Ba ta san kunnena ya riga ya buɗe ba. A hanyar gida na ce, "Gwaggo, wai da gaske yini ɗaya yake yi?" Ta ce, "Ɗaga ƙafa, surutu kamar aku."

Ba wanda ya ce mini rayuwata tana cikin tukunyar nan, ni na ɗaura wa kaina. Na ce a raina in ya tsiro zan rayu, in bai tsiro ba shi ke nan. Kullum da safe kafin in shiga aji sai na je jikin katanga na duba. Da sanyi ya kankama, ƙasar cikin tukunyar ta daskare ta yi fari, in na taɓa sai in ji ta kamar dutse. Sai in tuna abin da likita ya ce game da sanyi. Ashe akwai mai kallona ta tagar aji.

Wata safiya na je na tarar babu tukunyata. Na kowa na nan, wurin tawa kawai ya rage da zagayen jiƙa a ƙasa. Na bi layin ina karanta sunaye, na dawo na sake bi. Na ruga aji na manta da dokar makaranta na ce da Hausa, "Gwaggo, an ɗauke tawa!" Ko ɗagowa ba ta yi daga allon ba, ta ce, "Oho. Je ki zauna." Yinin ranar ban ji komai da aka koyar ba, jira kawai nake ciwo ya taso.

Da muka koma gida ina cire takalmi sai na hango ta a bayan hita, an lulluɓe ta da tsohon ɗankwali, an barbaɗa mata tokar turaren wuta a sama. A cikin jakar littattafanta ta sato ta, malama guda! Na juyo ina kallonta, ta ce, "Meye? Tukunyar ce na ga tana da kyau, kada ƙanƙara ta fasa ta. Ba don ke ba ne." Ta hana a zuba mata ko ɗigon ruwa, ta ce sai lokacin shuka ya yi. Har sanyin ya wuce tukunyar tana nan cikin ɗumi, kuma rabona da samun barci mai daɗi irin na lokacin tun muna gida.

Da rana ta fara leƙowa, tukwanen jikin katanga suka fara tsiro, siri-siri kamar dawa ta fito. Yara suna ta ihu, kowa yana nuna nasa. Gwaggo ta yaye ɗankwalin, ta kai tawa bakin taga, ta fara ba ta ruwa safe da yamma. Shiru. Ta ƙara ruwa, ta rage ruwa, ta tofa mata addu'a. Na sauran yara har aka dasa su a fili, tawa ƙasa ce kawai baƙa. Na daina cin abinci sosai. Ita ma na lura tuwonta yana komawa tukunya yadda aka zubo shi.

A kan wannan ne na ga faɗan da ban taɓa gani ba tsakaninta da Baba Malam, wata Asabar da hantsi. Shi mutum ne mai sanyin hali, amma ranar ya gaji. Ya ce, "Ai matar nan ta gaya miki sanyi yake so. Ke kika hana shi, shi ke nan magana. Iri ne fa, ba wahayi ba."

Gwaggo ta ce, "Ba sanyi ba ne, Malam. Ni na jawo. Na nuna ina so, an kuwa gani."

Ya ce, "Subhanallahi! Da iliminki da komai? Wannan ai saɓo ne. Kin tsorata kanki, kin tsorata yarinya, dubi yadda ta koma."

Ta miƙe tsaye. "Kai ba ka nan aka fita da ukun nan a tabarma. Ni ina nan. Duka ukun na goya su, na yi musu wasa, na ɗinka musu rigunan salla da girma. Kada ka sake gaya mini abin da na sani." Baba Malam ya ɗauki hularsa ya fita. Ni ina bayan ƙofa na toshe bakina da hannu.

Ranar Litinin ta sa tukunyar a jaka, ta ja hannuna har bayan makaranta, inda ake tara busasshen ganye da sharar lambu. Ta ɗaga ta ta maka a kan jujin, tukunyar ta dare. Ta ce da ƙarfi, da Hausa, tana waige-waige, "Ba ma so! Tarkacen banza, mai so ya ɗauka!" Sannan ta kakkaɓe hannu ta wuce aji. Na tsaya ina kallon ɓarin da ke ɗauke da rabin sunana, na yi kuka har na shiɗe. Yanzu na san abin da take yi, amma a ranar gani na yi ni aka jefar, kuma wannan karon ba wanda aka shirya zai tsince ni.

Sanyin da ya biyo baya shi ne ya kusa tafiya da ni. Ciwon ya kama ƙirjina, numfashi ya gagara, aka kwantar da ni a asibiti ana ƙara mini jini. Gwaggo tana zuwa kullum bayan an tashi makaranta, amma ba ta zama a bakin gadona kamar sauran iyaye. A kan benci take zama a baranda, inda za ta hango ƙafata ta ƙofa, tana jan carbi a cikin aljihun kwat. Ranar da jikina ya fi tsanani, wata nas ta fito ta ce mata ta shigo kusa da ni, ta tambaye ta ko ita ce mahaifiyata. Gwaggo ta shigo har tsakiyar ɗakin, ta ɗaga murya da Turancinta mai kyau na malamai, ta ce a'a, ita a kan juji ta tsince ni, kuma ba wanda yake so na. Ba da nas ɗin take ba, ni na san da wa take. Amma nas ɗin ta yi fari fat, ta fita da sauri.

Ba a jima ba sai ga wata mata daga council, wato ƙaramar hukuma, mai kula da walwalar yara. Aka kira Baba Malam daga kwaleji, aka ja labule aka zagaye gadona. Ya yi ta bayani yana gumi cikin wannan sanyi, ya ce al'ada ce, ya ce jujin ma na bayan gidanmu ne, kuma ko minti ɗaya ban yi a kai ba. Matar ba muguwa ba ce, ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce ta ji, amma ma'aikatan asibiti sun ce wannan baiwar Allah ko taɓa yarinyar ba ta yi. Ta ce tana son ta ji daga bakinta, tana son yarinyar ko ba ta so. In ba ta so, akwai gidajen da za su karɓe ni.

Gwaggo ta kalli ƙofa, ta kalli taga.

Baba Malam ya ce da Hausa, "Don girman Allah ki faɗa. Ɗauke ta za su yi, ba wasa suke ba."

Ta ce, "In na faɗa kuma aka ji fa?"

"Wa zai ji?"

"Ka san wa."

Ni kuwa ina kwance tsoro biyu ya sa ni a tsakiya. In ta yi shiru, za a kai ni gidan da ban san kowa ba, in mutu a hannun baƙi ba mai yi mini kalmar shahada. In ta faɗa, abin da ya manta da ni zai tuna. Na yarda da wannan kamar yadda ta yarda, ita ta raine ni. Na tattara ɗan numfashin da nake da shi na ce, "Gwaggo, ki faɗa a hankali."

Ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba. Sannan ta matsa ta sunkuya daidai kunnen matar. Ɗakin shiru yake, don haka na ji. Ta ce, "Tawa ce. Ina son ta. Ba ni da kowa sai ita, kada ki raba ni da ita." Carbin ya faɗo daga aljihunta. Matar ta yi ja har wuya, ta ce ta gamsu, ta ba da haƙuri ta fita.

Gwaggo ta juya ga bango ta yi istigfari. Daga nan ta zauna a kan gadona, ta kama tafin ƙafata da hannu biyu ta riƙe gam, idonta a kan ƙofa. Na san jira take a shigo a ɗauke ni, ni ma jiran nake. Duk wanda ya turo ƙofa sai na ji hannunta ya ƙara matsewa. Haka muka yini, haka ta dawo washegari ta sake kamawa, har kwas ɗinta ta yi wa fashi, ita da ba ta taɓa makara ba. A hankali numfashi ya dawo, na fara shan kunu, wata rana aka ce mu tafi gida.

Sai da gari ya fara ɗumi na koma makaranta. Ban yi niyyar zuwa bayan ginin ba, ƙwallon wata yarinya ce ta gangara can na bi. A gefen jujin, tsakanin fasassun ɓarin tukunyata, sai ga tsiro kore siri-siri sun ɗago kai. Sun sha ƙanƙarar da Gwaggo ta ɓoye musu, sun farka. Na ruga na jawo ta da hannun riga, ta zo ta tsaya a kansu ta daɗe. Sai ta ce, "Ciyawa ce. Wuce mu tafi." Washegari na tarar an zagaye wurin da guntayen bulo, na tambaye ta, ta ce ita ina ta sani, ko aljanu ne. A ranar ce kuma na ji ta tare shugabar makaranta a baranda ta ce mata, "Kin yi gaskiya a kan irin nan." A iya zamana da Gwaggo ban sake jin ta faɗa wa wani mahaluki haka ba, har Baba Malam ya rasu yana jiran nasa.

Da zafi ya yi, na wasu yaran suka yi fure, ruwan lemo, baki buɗe kamar mazurari. Gwaggo ta fito da ajin muka tsaya muna kallo. Washegari furannin jiya suka yi yaushi suka langaɓe, wata yarinya ta fashe da kuka. Gwaggo ta tsuguna ta nuna mata sauran ƙullin da ke jikin sandar, ta ce ta share ido ta ga aikin da ke gabanta, kowane da ranarsa. Nawa bai kai yin fure ba karatun Baba Malam ya ƙare, muka tattara muka koma Kano. Ban san launin da ya yi ba.

Kada wani ya ɗauka daga nan ta sauya. Ina! Ajuji ta ci gaba da kira na a gaban surukaina da 'ya'yana. Ranar aurena ta ce alhamdu lillahi, an rage mata kaya. Da na haihu ta leƙa fuskar jaririyar ta ce, "Hanci kamar na uban, Allah ya kyauta," ta kuma kwana arba'in tana gasa ni. Bayan aiki ya dawo da mu Landan kuma Baba Malam ya rasu, na yi ta jigilar ofishin shige da fice na Croydon har takardunta suka fito na ɗauko ta. Ta zo tana mita wai na dawo da ita cikin firji. Amma duk ranar da ciwona ya motsa, ko ba ta iya miƙewa sai ta sa an kai ta ɗakina, ta zauna a ƙarshen gado tana faɗa cewa na cika raki.

A makonta na ƙarshe, wata rana bayan la'asar, ina ba ta ruwa a cokali sai ɗankwalina ya zame. Na kai hannu zan gyara, ta riƙe hannun. Ta ce, "Sunkuyo." Na sunkuya. Ta sa yatsunta da suka bushe cikin gashina tana ta bi, tana kusanto da ido don ganinta ya yi rauni.

Ta ce, "Ke, furfura ce wannan?"

Na ce, "Ita ce, Gwaggo. Ai ta daɗe, rini nake yi."

Ta ce, "Rini? Kika ɓoye mini?" Sai ta fara dariya, dariya sosai har da tari, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. "Ajuji da furfura. Ashe kin tsufa."

Na ce, "Na tsufa, Gwaggo."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Tun a asibitin nan ba ni da wata addu'a sai Allah ya sa in riga ki. Kullum gani nake ba za a amsa ba." Ta saki gashina ta gyara kwanciya. "To, yanzu kam in an turo ƙofa, ni aka zo wa."

Allah ya amsa mata. Ya Ubangiji, ta rayu cikin tsoro saboda ni, ka amintar da ita daga dukkan tsoro. Ka yafe mata canfinta, ka yalwata makwancinta, ka haɗa ta da ukun nan da ta goya.